Kiyoto, tsohon birnin Japon, a kwanakin furen sakura

A ƙarshen watan Maris, sa'ad da zafin bazara yake kankama a nan Nijar, manoma kuma suna sassabe da sharar gonaki, mutanen ƙasar Japon wani abu dabam suke jira. Ba ruwan sama ba ne, ba kuma girbi ba. Fure suke jira, furen wani itace da suke kira sakura. Rediyo da talbijin da jaridu kullum sai sun ba da labarinsa, kamar yadda ake ba da labarin saukar damina a ƙasarmu: yau ya buɗe a gari kaza, jibi ana sa ran zai kai gari kaza. Mai karatu zai iya tambaya, shin waɗanne irin ƴaƴa wannan itace yake bayarwa da har ƙasa guda take zuba masa ido? Amsa ita ce, irin wanda aka fi shukawa ba ya ba da wani abu da ake ci ko ake kaiwa kasuwa. Furen nan dai shi ke nan. Shi ma da wuya ya wuce kwana 10 bai kaɗe ba.

Ko'ina cikin Japon akwai sakura, amma ɗaya daga cikin wuraren da baƙi suka fi tururuwa domin kallonsa shi ne Kiyoto, birnin da sarakunan ƙasar suka zauna fiye da shekara 1,000. Labarin wannan birni da furensa muka kawo muku a wannan mako, domin akwai abin lura a ciki ga duk mai riƙe da amanar gari ko ta itatuwa.

BIRNIN DA SARAUTA TA BARI

Japon tsibirai ne a gabashin nahiyar Asiya, tana gaban Nijar da awa 8: in an yi azahar a Yamai, can dare ya riga ya yi. Kiyoto tana tsakiyar babban tsibirin, cikin wani kwari, duwatsu masu duhun itace sun kewaye ta gabas da arewa da yamma. Mutanenta sun ɗan haura miliyon 1 da dubu 400. Tsakaninta da Tokiyo, babban birnin ƙasar na yanzu, akwai kusan kilomita 500, amma jirgin ƙasa mai tsananin gudu da ake kira Shinkansen, wanda ya fara aiki a 1964, cikin awa 2 da ƴan mintoci yake cinye wannan tafiya.

Sarki Kanmu ne ya kafa birnin a shekarar 794. Ya sa masa suna Heian-kyo, watau birnin zaman lafiya da kwanciyar hankali, aka kuma zana shi bisa fasalin Chang'an, fadar sarakunan ƙasar Sin na wancan zamani: tituna miƙaƙƙu, waɗansu daga arewa zuwa kudu, waɗansu daga gabas zuwa yamma, suna gittawa kamar gidan dara. Har yau baƙo ba ya saurin ɓata a tsakiyar Kiyoto saboda wannan tsari. Sunan zaman lafiyar dai bai hana birnin ganin masifa ba. Yaƙin basasa na Onin, daga 1467 zuwa 1477, ya mai da yawancinsa toka, gobarar 1788 kuma ta sake lashe shi. Gidajen katako ne da takarda, wuta kuwa ba ta yi musu da wuya.

A 1869 sarki ya ƙaura zuwa Tokiyo, fadawa da manyan attajirai suka bi shi. Mutanen Damagaram sun san irin wannan, tun da a 1926 aka ɗauke mazaunin mulki daga Zinder aka kai Yamai. Gari yakan yi sanyi, kasuwa ta ja baya, sai alfaharin da ya rage a bakin tsofaffi. Shugabannin Kiyoto ba su zauna suna kukan abin da ya wuce ba. Suka ɗauki wani saurayi injiniya mai suna Tanabe Sakuro, wanda bai daɗe da gama karatu ba, suka danƙa masa aikin jawo ruwa daga tafkin Biwa, ta ƙarƙashin duwatsu, har cikin birni. An fara haƙa a 1885, aka gama a 1890. Da ruwan nan aka sami wutar lantarki a 1891, a 1895 kuma jirgin titi mai aiki da lantarki ya fara zirga-zirga, shi ne na farko a duk ƙasar Japon. Mun ambaci wannan magudanar ruwa ne domin yau gaɓarta na cikin wuraren da aka fi zuwa kallon fure.

A yaƙin duniya na biyu jiragen Amurka sun ƙone manyan biranen Japon kusan duka. Kiyoto ma an sa sunanta cikin jerin biranen da za a jefa wa bam ɗin nukiliya a 1945, sai ministan yaƙi na Amurka, Henry Stimson, wanda ya taɓa ziyartar birnin, ya nace aka cire ta. Nagasaki ce ta shiga jerin daga baya. Ta haka Kiyoto ta fita daga yaƙin da tsofaffin gine-ginenta a tsaye: ɗakunan ibada na addinin Buda kimanin 1,600, na addinin gargajiya na Shinto kimanin 400. A 1994 hukumar UNESCO ta sa wurare 17 na birnin da kewayensa cikin kayan tarihin duniya.

ITACE ƊAYA A JIKI DUBU

Sakura iri-iri ne, sun haura ɗari. Amma wanda ya cika tituna da bakin koguna da farfajiyar lakkwal shi ne wanda ake kira somei-yoshino. Masu lambu na ƙauyen Somei, wanda yanzu ya shige cikin Tokiyo, su suka fara yaɗa shi wajen tsakiyar ƙarni na 19. Ba a shuka shi da iri, sai dai a yi masa aure, kamar yadda masu garka suke yi wa mangwaro: a yanko reshe a ɗaura a jikin wani dashe. Saboda haka duk somei-yoshino da ke Japon asalinsu guda, tamkar itace ɗaya ne aka rarraba. Wannan ne sirrin abin da ke ba baƙo mamaki. Da yake halinsu ɗaya, in yanayi ya kai, sai itatuwan gari su buɗe kusan rana ɗaya, su kuma zube tare. Furen yakan riga ganye fitowa, fari ne mai ɗan ratsin ruwan hoda, har itacen ya zama kamar an yafa masa auduga.

Ma'aikatar kula da yanayi ta ƙasar tana bin wannan al'amari tun 1953. A kowace jiha akwai itace guda da aka keɓe domin awo. Ma'aikaci yakan je ya duba shi da idonsa, in ya ƙirga fure 5 ko 6 da suka buɗe, sai a yi shela cewa sakura ta fara a wannan gari. In kashi 80 cikin 100 na tohon ya buɗe, an kai cika ke nan, tsakanin farawa da cika kuwa kamar mako guda ne. Furen yakan taso daga kudu mai ɗumi a watan Maris, ya yi ta hawa arewa, ba ya isa tsibirin Hokkaido sai ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu.

Al'adar fita kallon fure, wadda suke kira hanami, ta daɗe. Littattafan tarihin fada sun nuna cewa Sarki Saga ya yi taron kallon fure a lambun Shinsen-en na Kiyoto a shekarar 812. Kafin nan fadawa sun fi ɗaukaka furen wani itace da ake kira ume, wanda aka kawo daga Sin. Talakawa kuwa nasu dalilin dabam ne. Manoman shinkafa sun ɗauki buɗewar sakura alama ce ta lokacin fara aikin gona, har a waɗansu yankuna akwai tsofaffin itatuwa da ake kira sakurar shuka iri. Yau ma shekarar aiki ta gwamnati a ranar 1 ga Afrilu take farawa, ƴan lakkwal kuma a farkon watan suke shiga sabon aji. Yaro ya shiga aji ɗaya a ƙarƙashin fure, saurayi ya kama aikinsa na farko a ƙarƙashin fure. Shi ya sa ko dattijo ya ga sakura sai ya tuna ƙuruciya. Hoton furen yana jikin kwabon yen 100.

Akwai kuma wani gefe mai ɗaci da bai kamata a ɓoye ba. A zamanin mulkin soja an yi amfani da furen nan wajen cusa wa samari cewa kyawon rai shi ne ya faɗi da wuri kamar sakura. Ƙaramin jirgin ƙunar baƙin wake da aka ƙera a ƙarshen yaƙi, sunansa Oka, ma'anarsa furen sakura.

DAGA KIYOMIZU ZUWA GION

Wanda ya zo Kiyoto a wannan lokaci, gara ya yi sammako ya fara da gabashin birni, inda ake kira Higashiyama. Can bisa gangaren dutse ɗakin ibada na Kiyomizu yake. An kafa shi a 778, ginin da ake gani yanzu kuwa na 1633 ne. Abin da ya fi shahara a nan shi ne wani babban dandamali na katako da ya leƙo daga jikin dutsen, tsayinsa daga ƙasa kamar mita 13, yana bisa manyan ginshiƙai da aka sarƙa da juna ba tare da ƙusa ko ɗaya ba. Magina sun sassaƙa kowane gungume ya shige cikin ɗan'uwansa, ga shi ya kusa shekara 400 a ƙasar da girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce. In mutum ya tsaya a kai ya duba ƙasa, sai ya ga kawunan itatuwa fari fat, birni kuma a shimfiɗe can nesa. Mutanen Japon in za su ce wani ya yi ƙundunbala ya yanke shawara mai wuya, sai su ce ya yi tsalle daga dandamalin Kiyomizu. Ba magana ce kawai ba. A da akwai masu yin tsallen da gaske, bisa camfin cewa wanda ya tsira buƙatarsa za ta biya, sai da hukuma ta hana a 1872.

Daga nan sai a gangaro ta waɗansu lunguna masu daɓen dutse, Sannenzaka da Ninenzaka, inda tsofaffin kantuna suke sayar da kwanukan tangaran da mafitai da kayan zaƙi. A kwanakin nan kusan kome an yi masa launin fure. Akwai wani curin shinkafa mai zaƙi da ake naɗewa cikin ganyen sakura da aka jiƙa da gishiri, ana ci har da ganyen. Akwai dango, ƙananan dunƙulen garin shinkafa guda uku a tsinke, ɗaya ruwan hoda, ɗaya fari, ɗaya kore. Su kansu suna yi wa juna ba'a da wani karin magana da ke cewa dango ya fi fure, watau da yawa cikin masu zuwa kallon, cikinsu ne ya kawo su.

A ƙasan gangaren akwai lambun Maruyama, wanda aka buɗe a 1886. A tsakiyarsa wata babbar sakura take, irin mai rassa masu zubowa ƙasa kamar gashin da aka tsefe. In dare ya yi akan haska ta da fitilu, jama'a su kewaye ta. Wannan itace yana da labari. Na farkon da ya tsaya a wurin ya bushe a 1947, bayan ya yi shekaru fiye da 200. Ashe tun da wuri wani mai lambu daga gidan Sano Toemon ya ɗebi irinsa ya shuka a gonarsa, ya yi ta reno. A 1949 aka dasa ɗan a gurbin uwar, shi ne ake kallo har yanzu. Gidan Sano sun gāji aikin lambu kaka da kakanni, magaji kuma yakan ɗauki sunan ubansa, har an kai na 16. Irin waɗannan mutane ana kiransu sakuramori, masu tsaron sakura. Dubban masu ɗaukar hoto ba su san sunansu ba, alhali kuwa ba don mutum ɗaya ya yi tunanin shekara 20 gaba ba, da fili kawai za su tarar.

A ƙarƙashin sauran itatuwan lambun kuwa biki ake yi. Iyali da abokai da ma'aikatan kamfani sukan shimfiɗa leda mai launin shuɗi, kowa ya tuɓe takalmi kafin ya hau kamar zai shiga ɗaki, a buɗe akwatunan abinci, masu sha su sha giyar shinkafa, a yi ta hira da waƙa har dare. An saba aika ƙaramin ma'aikaci tun da safe ya je ya kama wa manyansa wuri.

Unguwar Gion tana gab da nan. Ita ce unguwar geiko, waɗanda duniya ta fi sani da geisha, matan da suka ƙware a rawa da kiɗa da waƙar gargajiya da karɓar baƙi, da kuma ƴan koyo da ake kira maiko. Tun 1872 suke yin wasan rawa na Miyako Odori a watan Afrilu. Shi ma an ƙago shi ne domin a farfaɗo da birnin bayan tafiyar sarki.

Arewa da nan akwai wata siririyar hanya mai tsawon kilomita 2 da ke bin wani reshe na magudanar tafkin Biwa. Ana kiranta Hanyar Mai Falsafa, domin wani shaihin malami na jami'ar Kiyoto, Nishida Kitaro, nan yake bi yana tunani. Wani mai zane, Hashimoto Kansetsu, shi da matarsa suka ba da kyautar dashen farko. Yau rassan sun haɗe a bisa ruwa. Mai falsafar dai in ya dawo a makon farko na Afrilu, ba zai sami inda zai sa ƙafa ba, balle ya yi tunani.

SARAKUNA DA FURE

Kudu maso gabas da birni akwai ɗakin ibada na Daigo, mai hasumiyar katako hawa 5 da aka gama a 951, ita ce gini mafi tsufa da ya rage a Kiyoto. A nan Toyotomi Hideyoshi, ɗan talaka da ya zama mai mulkin Japon duka da kaifin takobi, ya yi shahararren taronsa na 1598. Ya sa aka tono itatuwan sakura 700 daga yankunan kewaye aka dasa, ya gayyaci mutum kamar 1,300, yawancinsu matan fada da na hakimai, aka kafa rumfunan shayi a kan hanya, dakaru suna gadi ta ko'ina. Bayan wata 5 ya rasu. Magajinsa yaro ne ƙarami, kafin shekara 20 gidansa ya shafe, mulki ya koma hannun gidan Tokugawa. Gidan Tokugawa su suka gina fadar Nijo a tsakiyar Kiyoto a 1603, mai daɓen katako da ke ƙara kamar kukan tsuntsu in an taka, kuma a cikinta ne na ƙarshensu ya sanar da mai da mulki hannun sarki a 1867.

Can yamma, a Arashiyama, kallon ya sha bamban. Dutse ne guda a bakin kogi, itatuwan sakura sun warwatsu cikin kurmi, fari a nan, ja-ja a can, kore a tsakani. An ce a ƙarni na 13 aka kawo su daga dutsen Yoshino bisa umurnin sarki. Waɗannan su ne yamazakura, sakurar dawa, wadda ganyenta ja yake fitowa tare da fure, kuma kowane itace da ranarsa. Su ne mutanen da suka sani, tun kafin a san somei-yoshino.

ABIN DA TSOFAFFIN TAKARDU SUKA NUNA

A nan ne labarin ya wuce na yawon buɗe ido. Fadawa da malaman ibada da attajiran Kiyoto mutane ne masu rubuta abin da ya faru kowace rana, kuma ba sa mantawa da rubuta ranar da aka fita kallon fure. Wani malami na jami'a a Osaka, Aono Yasuyuki, ya shafe shekaru yana bin waɗannan tsofaffin takardu, yana tsamo ranakun, yana juya su daga lissafin wata zuwa kalandar yanzu. Da haka ya haɗa jeri tun daga 812 har zuwa zamaninmu. Akwai shekarun da ba a sami kome ba, amma duk da haka da wuya a sami wani wuri a duniya da ke da lissafi irin wannan mai tsawon shekara 1,200.

Jerin ya nuna cewa ranar cikar fure ta yi ta kai da komowa cikin watan Afrilu, ɗari bayan ɗari, gwargwadon sanyin shekara ko ɗuminta. Wajen 1850 takan faɗo kusan 17 ga Afrilu. Daga nan sai ta fara matsowa, ba ta kuma koma ba, har ta dawo wajen 5 ga wata. A 2021 furen ya cika ranar 26 ga Maris, ya riga abin da aka rubuta a 1409, watau 27 ga Maris, wanda ya shekara fiye da 600 ba a riga shi ba. A 2022 masu bincike na ma'aikatar yanayi ta Ingila tare da malam Aono suka auna dalilai, suka gano cewa ɗumamar duniya da ayyukan ɗan Adam suka haddasa, haɗe da zafin da birni ke tarawa saboda kwalta da siminti, sun jawo furen gaba da kimanin kwana 11.

Itacen sakura yana da wata buƙata da ba kowa ya sani ba. Tohonsa yakan yi barci tun daga kaka, kuma ba ya farkawa sosai sai ya sha sanyin hunturu ya ƙoshi, sa'an nan ɗumi ya zo ya buɗe shi. In hunturu bai yi sanyi ba, furen yakan fito a rarrabe, wani reshe ya buɗe wani ya ƙi. An fara ganin haka a kudancin tsibirin Kyushu. Ashe ke nan ɗumi yana iya gaggauta fure, in ya yi yawa kuma ya lalata shi.

Manomin Tawa ko Maraɗi da ya ga yadda shigar damina ta rikice tun bayan farin 1973 da na 1984 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan sauyin yanayi. Bambancin dai shi ne mutanen Kiyoto sun rubuta, sun kuma adana abin da suka rubuta, ko da yake ba su san amfanin da zai yi ba. A wannan birni ne kuma ƙasashen duniya suka taru a watan Disamba na 1997 suka ƙulla yarjejeniyar rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, wadda ake kira yarjejeniyar Kiyoto.

Ga kuma wata barazana. Wani ƙwaro mai jan wuya, wanda ya shigo daga waje, an fara ganinsa a jihar Aichi a 2012. Tsutsarsa takan shiga cikin kututture ta yi ta ci har itacen ya mutu, ya kuma bazu zuwa jihohi da dama, har an sare itatuwa masu yawa domin tsai da shi. Da yake somei-yoshino duk jini ɗaya ne, abin da ya kama ɗaya ba ya barin saura. Yawancinsu kuma bayan yaƙi aka dasa su, sun fara tsufa tare.

BAƘI SUN FI ƘARFIN MASAUKI

A 2013 ne baƙin da suka shiga Japon suka fara kai miliyon 10 a shekara. A 2019 sun kusa miliyon 32, a 2024 suka kusa miliyon 37. Kiyoto kuwa ba babban birni ba ce, titunanta na da ƙunci, jirgin ƙarƙashin ƙasa layi 2 kawai gare ta, jama'a sun dogara sosai ga bas. A kwanakin fure tsohuwa mai zuwa asibiti takan tsaya bas ya wuce ta cike da baƙi da manyan akwatunansu, na biyu ma ya wuce. Ma'aikatar magajin gari ta daina sayar da tikitin bas na yini guda a 2023, a 2024 ta fito da motoci na musamman masu kai baƙi wuraren kallo kai tsaye. A Gion abin ya kai ga baƙi suna bin maiko a guje da na'urar ɗaukar hoto, suna tare musu hanya, har da masu jan rigarsu. Mutanen unguwa suka kafa alluna a 2019 suna hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na hukuma ba, da tarar yen 10,000, a 2024 kuma suka rufe waɗansu lungunan ga baƙi ɗungum.

Sai mutum ya zaci birnin da ke karɓar wannan taro ya yi arziki. Ba haka abin yake ba. Kuɗin baƙi yana shiga aljihun masu otal da masu kanti, amma ɗakunan ibada ba sa biyan harajin fili, kusan kashi 10 cikin 100 na mazauna birnin kuma ɗalibai ne. A 2021 magajin garin ya fito fili ya ce baitulmalin birnin na gab da karyewa. An taɓa gwada karɓar haraji a ƙofar ɗakunan ibada a 1985, sai manyansu, har da Kiyomizu, suka rufe ƙofofinsu suka ƙi karɓar baƙi, masu kanti suka yi ta kuka, dole aka soke harajin a 1988. Daga 2018 sai aka koma karɓar harajin kwana a otal, a 2025 kuma aka yanke shawarar ƙara shi daga Maris na 2026, har ya kai yen 10,000 a dare ga masu kwana a ɗakuna mafi tsada.

Abin da ya fi damun masu kishin birnin shi ne machiya, tsofaffin gidajen katako na ƴan kasuwa da masaƙa, masu ƙuntatacciyar fuska da dogon ciki, kanti a gaba, iyali a tsakiya, ɗan lambu a baya. Ƙidayar 2016 ta sami kimanin 40,000, kuma ana rasa kusan 800 kowace shekara. Gyaransu da tsada, harajin gado da nauyi, magada kuma sun fi son su sayar a gina otal ko wurin ajiye motoci. Tun 2007 hukumar birnin ta rage iyakar tsayin gini, ta hana manyan allunan talla masu walƙiya a bisa rufi, domin kada a tare wa mutane ganin duwatsu. Dokar ta yi aiki a kan tsayi. Amma a ganinmu gidan da aka mai da masaukin baƙi, ko da an bar fuskarsa yadda take, in babu iyali a ciki da maƙwabta da yara masu zuwa lakkwal, hoton unguwa ne kawai ya rage.

In iska ta taso bayan cika, furen yakan yi ta zuba kamar dusar ƙanƙara, ya rufe ruwan magudana har ba a ganinsa, masu shara su fito da tsintsiyar gora tun da asuba. Wanda ya makara sai ya nufi ɗakin ibada na Ninna, wanda aka kafa a 888 a arewa maso yammacin birni. Sakurar can gajeru ce, ba ta fi mita 2 zuwa 3 ba, furenta a daidai fuskar mutum, kuma ita ce ta ƙarshen buɗewa, wajen tsakiyar Afrilu. Bayan ita sai ganye ya rufe rassa, baƙi su ragu, masu lambu su bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya suna duba gindi ko akwai garin katako da tsutsa ta fitar, suna kuma zuba musu wani taki da suke kira takin godiya.